Fatar da Ba Ta Wari

Shekara talatin da ɗaya hannuna na cikin ruwan bagaruwa
a majemar Marwa, nesa kaɗan da yashin Mayo Kaliyawo.
Na jeme akuya, na jeme tunkiya, na jeme sa,
na taɓa jeme mesa sau biyu, a ɓoye.
Sai ga ɗana Kailani, ran wata Talata:
"Baba, ba ni jaka guda, zan sayi fata."

Na yi dariya har kartaji ya suɓuce mini.
Mai rijiya da roƙon ruwa a maƙwabta!
Na nuna masa igiya, arba'in suna shan iska.
Na ce, zaɓi.
Ya ce, ba irin wannan ba.

Ya miƙo waya daf da hancina.
Wani ƙato ne a ciki, rungume da bindiga,
daga shi sai singileti da gajeren wando.
"Ni ke nan," in ji shi. "Haka suke ba kowa kyauta.
Hamajoda ya sayi ta damisa,
Yerima na da mai ƙahon wuta,
ni kuwa in na shigo fili sai su ce ga Tsirara."

Na ce, harsashi ba ya huda ta damisar?
Ya ce, yana hudawa.
Tana ƙara gudu? A'a.
Tana maganin sanyi? Baba, don Allah.

Daren nan ya koya mini tsaninsu:
tagulla, azurfa, zinariya, lu'ulu'u,
kowane mataki da kwanakin barcin da yake ci.
In ka kai ƙoli kuma, wata uku sun cika,
sai su share allo, su ce sabuwar kaka,
kowa ya koma gindin tsani.
Akwai akwatin sa'a, dala ashirin a buɗe.
Ya buɗe tara, ya samu safa.
Safa, jama'a.
Kuɗin kunun safe na mako biyu,
Dudu mai kiyos ta tura su ta waya,
sun bi iska zuwa garin da ba mu san sunansa ba.

Na so in yi faɗa. Bakina ya cika da shi.
Sai idona ya faɗa kan kwatarniyar karan dafi.
Jan da nake zubawa bai taɓa ƙara wa fata ƙwari ba,
amma baduku na biya ninki biyu a kansa,
kuma ban taɓa ce masa wawa ba.

Ya ce, a hankali, yana duban ƙasa:
"A makaranta benci guda nake ni kaɗai.
Sun ce warin toka da kashin kaji na bin rigata.
A cikin nan ba wanda ke da hanci, Baba.
Wani ɗan Kusiri jiya ya ce ni ne ke tsare masa baya."

Na san bencin nan.
Na zauna a kansa kafin a haife shi.

Da safe na sayar da ta akuya biyu, farashin asara,
na tsaya gaban Dudu kamar mai sayen ƙwaya.
Ta ce, "Malam Nomau, kai ma?"
Na ce, tura kawai.

Ya zaɓi wata baƙa mai ratsin shuɗi.
Ɗinkin kafaɗarta ba daidai ba ne, na faɗa masa.
An harbe shi cikinta kafin a kira azahar.
Ya tashi, ba huda, ba jini, ba wurin faci,
ba abin da za a kawo wa irina gyara.

Yanzu da yamma, ƙarƙashin darbejiya,
ni ina kankare gashi, shi yana hawan tsani.
Wani lokaci yakan ɗago ya ce, na kai azurfa.
Nakan ce, madalla.
Ban tambaye shi saura kwana nawa a share allon ba.